Damina Arba'in A Yini Guda: Yadda Ake Noma Gonar Gwaji Cikin Na'ura

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama a ƙauye a ƙarshen bazara ya san irin zulumin da ke kama magidanci ran da aka yi ruwan farko. Hadari ya taso daga gabas da la'asar, aka yi iska, aka yi ruwa, ƙasa ta yi ƙamshi. Gari na wayewa sai ka ga mutane sun fita gona suna tona ƙasa su ga inda laima ta tsaya. Wannan ya ce a shuka, wancan ya ce a dakata. Wanda ya shuka, in ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyar, tsiro ya ƙone, irin da ya adana tun kaka ya tafi a banza, sai ya shiga neman rance. Wanda ya dakata kuwa, in damina ta miƙe daga ranar nan, ya yi hasarar mako biyu ko uku, ga shi kuwa damina a tsakiyar ƙasar Katsina ba ta da tsawon da za a yi wasa da mako uku a cikinta.

Bari mu ɗauki Fakuwa misali, a ƙasar Kankiya. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa, ruwa yakan zauna sosai daga watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba, watau wata huɗu ke nan in an yi sa'a. Manomin Fakuwa in ya tambayi malamin gona, ko malamin makarantar da ke koya wa ɗansa, ya ce, "Malam, in shuka yanzu ko in jira?" to, amsar da za a ba shi tana iya zama bambancin rumbu cike da rumbu rabi. Abin da muke so mu bayyana wa masu karatu yau shi ne wata hanya da masana aikin gona suka samu ta neman wannan amsa, da yadda ake aiki da ita, da kuma wurin da take da rami.

Hanyar da aka sani tun da, ita ce gonar gwaji. Tun 1922 aka soma binciken aikin gona a Samaru ta Zariya, har wurin ya zama cibiya ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma mutanen Kankiya ba baƙi ba ne ga wannan aiki, da yake ga gidan gona nan a Kafinsoli. Akan yanka fili kashi-kashi, a shuka wannan yau, wancan bayan mako guda, a zuba wa wannan taki a hana wancan, da kaka a auna. Hanya ce ta gaskiya, gani ya kori ji. Amma aibinta guda ne, gonar gwaji amsa ɗaya take bayarwa a shekara, amsar kuwa ta daminar da aka yi ce kaɗai. Wanda ya yi gwaji a shekara uku masu albarka bai san yadda irin nan zai yi ba in aka sake fari irin na 1973 ko na 1984. In kuwa ya ce sai ya jira ya ga kowace irin damina da idonsa, zai tsufa bai rufe littafinsa ba.

GONAR LISSAFI

Sabo da haka masana suka ce, to, me zai hana a siffanta shuka da lissafi? Wani malami na Jami'ar Wageningen a ƙasar Holan, C. T. de Wit, shi ne ya yi fice wajen buɗe wannan hanya, a 1965 ya fitar da lissafin yadda ganye ke juya hasken rana ya zama abinci. Daga baya Amurkawa suka haɗa lissafin masara da suka kira CERES-Maize, littafinsa ya fito a 1986, sa'an nan aka tara shi da na waɗansu amfanin gona cikin manhaja guda mai suna DSSAT, wadda aka fitar a 1989. Yau tana ɗauke da lissafin amfanin gona fiye da iri arba'in, har da gero da dawa da wake da gyaɗa, kuma kyauta ake ba da ita. Mutanen Ostareliya, da yake su ma fari na damunsu, suka gina tasu suka sa mata suna APSIM. (Malaman makaranta kada su ruɗe: manhajar da muka sani a da ita ce tsarin darussa, amma yanzu da wannan suna ake kiran tsararren umarnin da kwamfuta ke bi.)

Yadda abin yake ba sihiri ba ne, ajiyar lissafi ce irin ta ma'aji. Na'ura takan ɗauki kwana ɗaya-ɗaya tun daga ranar shuka. Kowace rana ta rubuta ruwan da ya shigo ƙasa daga sama, ta cire wanda ya gangare, da wanda ya nutse ya wuce saiwa, da wanda rana ta tsotse, da wanda shuka ta sha, abin da ya rage ta kai shi gobe. Haka take yi wa taki. Girman shuka kuwa da zafi ake ƙidaya shi. Masara ba ta motsi in sanyi ya kai digiri 8, sabo da haka ran da matsakaicin zafi ya zama digiri 28, sai a rubuta mata 20, gobe a ƙara, jibi a ƙara, har jimla ta kai adadin da irin nan ke bukata kafin ya fid da kai. Dawa irin tamu ta gargajiya, kamar ƙaura da farfara, tana da wata ɗabi'a da dole a sa cikin lissafi: gajartar yini take jira, shi ya sa ko an shuka ta da wuri ko an makara, kusan lokaci guda take fid da kai a ƙarshen damina. Ran da ruwan da ke ƙasa ya gaza abin da shuka ke nema, na'ura ta rage mata girman ranar. A ƙarshe ta ce, gonar nan kilo kaza za ta bayar a kadada.

Damina guda ba ta cin na'ura fiye da ƙiftawar ido biyu ko uku. Nan amfanin yake. A ce muna so mu gwada ranakun shuka 8, daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuli, da irin gero 3, da ma'aunin taki 4, a kan ruwan shekara 40, daga 1984 zuwa 2023. In ka buga, damina 3,840 ke nan. A ƙasa ba wanda zai iya, a na'ura kuwa kafin a kira la'asar an gama.

Ba labarin ƙasashen Turawa kaɗai muke yi ba. A Kano, Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 2012, ta yi wannan aiki tare da ma'aikatan IITA. A 2017 Adnan Aminu Adnan da Jibrin Mohammed Jibrin da Alpha Kamara da abokan aikinsu suka buga bincike a kan lokacin da ya fi dacewa a shuka masara mai saurin nuna a arewacin Nijeriya. Sai da suka fara noma irin a gona ta gaske, suka auna, suka daidaita lissafin da abin da idonsu ya gani, kana suka sake shi a kan yanayin shekaru masu yawa. Ma'aikatan ICRISAT na Kano su ma sun yi irin wannan a kan dawa da APSIM. A lura da jerin aikin: ƙasa tukuna, sa'an nan na'ura.

LITTAFI A NAN, AIKI A CAN

To, ta ƙaƙa malami da ke zaune a Fakuwa, ba shi da babbar kwamfuta, wutar lantarki kuwa sai ran da aka gan ta, zai taɓa irin wannan aiki? Nan ne maganar littafi mai amsawa da uwar garke ta shigo.

Uwar garke ita ce babbar kwamfutar da ke ajiye a wani gini mai nisa, ko a jami'a ko a wurin wani kamfani, ba a kashe ta dare da rana, ƙananan na'urori suna aika mata da aiki ta intanet. Littafi mai amsawa kuwa shafi ne da mutum ke buɗewa a ƙaramar kwamfutarsa, ko ma a wayarsa in ya iya haƙuri da ƙanƙantar rubutu. Wanda ya fi shahara sunansa Jupyter. Asalinsa wani ɗalibi ne ɗan ƙasar Kolombiya, Fernando Pérez, ya fara shi a 2001 sa'ad da yake karatun digirin ƙoli a Kolorado ta Amurka. Siffarsa ta littafi ta fito a 2011, sunan Jupyter kuwa a 2014 aka raɗa shi, don tunawa da harsuna uku na ba kwamfuta umarni, Julia da Python da R, da kuma littafin da Galileo ya riƙa rubuta abin da ya hango na watannin duniyar Jupita a 1610.

Shafin an raba shi gida-gida, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Wani gida bayani ne da harshen mutane, ko da Hausa ka ga dama ka rubuta. Wani gida umarni ne. In ka taɓa gidan umarni ka ce ya tafi, rubutun nan kaɗai ke tafiya can wurin uwar garke, ita ta yi aikin, ta komo maka da amsa, ko jadawali ko zane, ya bayyana ƙarƙashin gidan. Tsofaffin ma'aikata da suka ga zamanin En'e za su gane abin nan da nan: kamar akawun gunduma ne ya rubuta takarda ya ba masinja ya kai babban ofis a Katsina, can aka buɗe manyan littattafai aka yi lissafi, masinja ya komo da amsa. Bambancin, wannan masinja kafin ka ajiye alƙalami ya dawo. Kuma da yake takarda ce ke tafiya ba littattafan ba, abin ba ya cin kuɗin data mai yawa.

Mu faɗi gaskiya, damina 3,840 ɗin da muka lissafa, ƙaramar kwamfuta ma tana iya gama su. Uwar garke ba ta zama dole ba sai in ana so a bi jiha duka, yanki-yanki, inda lissafi zai kai miliyoyi. Amfaninta ga malamin ƙauye wani ne dabam. Na farko, ba sai ya sha wahalar girka manhaja a na'urarsa ba, an riga an girka a can. Na biyu, in malamai ashirin suna koyon aikin, duka littafi guda suke buɗewa, ba mai cewa nasa ya saɓa. Kamfanin Google ya buɗe wa jama'a irin wannan wuri a 2017 da sunan Colab. Sai dai na kyauta yana da sharaɗi: in ka bar shi ba ka taɓa ba ya daɗe, ko zaman ya yi tsawo, sai a karɓe na'urar, duk abin da ka bari a cikinta a share. Mai hankali da ya samu amsa yakan kwafe ta ya adana a wurinsa nan take.

GONAR FULORIDA

Yanzu mun zo ramin da muka ambata. Kowace manhaja irin wannan tana zuwa da gwaje-gwajen misali, waɗanda aka shirya kome da kome a ciki, don mai koyo ya taɓa ya ga abin yana tafiya. Misalin masara da kusan kowane ɗalibin DSSAT ya fara da shi sunansa UFGA8201. Haruffan nan suna da ma'ana: Jami'ar Fulorida, garin Gainesville, shekarar 1982, gwaji na ɗaya. Gona ce da aka noma a Amurka, kashi shida, ma'aunin taki biyu da tsarin ban ruwa uku, da irin masararsu, a kan ƙasarsu, da ruwan samansu na shekarar nan.

Gudanar da misalin nan wajibi ne, kada wanda ya tsallake shi. Shi ne kamar gwada sikeli da dutsen awo kafin a buɗe kasuwa: in amsar da ta fito maka ta yi daidai da wadda aka sani, to, ka tabbata manhaja ta zauna sosai a uwar garke. Iyakar aikinsa ke nan. Amma zane yakan fito da kyau, layuka ja da kore suna hawa, har zuciya ta raya wa mutum cewa ya gama koyo. Sai ya sauya ranar shuka ya sa 10 ga Yuni, ya sauya sunan wuri ya rubuta Fakuwa, ya bar ƙasar Fulorida da irin Fulorida a ciki, ya taɓa. Na'ura ba za ta yi masa gardama ba. Za ta ba shi lamba har da ɗigo, shi kuwa ya ɗauka ya kai wa manomi. Mu a ganinmu wannan ya fi rashin sani haɗari, domin manomi yakan yi jayayya da maganar baki, amma abin da aka ce na'ura ce ta faɗa yana da kwarjini.

Kafin gonar lissafi ta zama ta Fakuwa sai an sauya abu uku. Sai an sa ƙasar wurin, zurfinta da yawan yashinta da ruwan da take iya riƙewa, don jigawa dabam, fadama dabam. Sai an sa halin irin da mutane ke shukawa, ko Sosat ne ko Zango ko wani daga irin Samaru, wannan kuwa aikin cibiyoyin bincike ne, su ke aunawa. Na uku shi ne yanayi na kowace rana, abu huɗu: zafi mafi yawa, zafi mafi ƙaranci, ƙarfin hasken rana, da ruwan sama.

Hukumar NASA ta Amurka tana ba da irin waɗannan alƙaluma kyauta, na kowane wuri a duniya, tun daga farkon shekarun 1980, kuma layi biyu ko uku na umarni sun isa a jawo su cikin littafi. Wajen zafi da hasken rana suna da amfani ƙwarai, don zafin Kankiya da na Kusada ba su da wani bambanci. Wajen ruwa ne ake samun matsala. Taswirar tasu an yanka ta murabba'i-murabba'i, kowane gefe ya haura kilomita 50, kusan tafiyar Kankiya zuwa birnin Katsina, duk abin da ke ciki lamba guda ake ba shi. Mu kuwa mun san ruwan farkon damina: a yi shi a wannan unguwa kamar da bakin ƙwarya, unguwar da ke hango ta ko ɗigo. In aka rarraba wannan ruwa a kan murabba'in duka, sai ya zama yayyafi kullum, ranakun da ruwa ya ɗauke su ɓace daga lissafi. Su kuwa ranakun nan su ne ke kashe tsiro, su ne asalin tambayar manomi.

Akwai wani ma'auni na kamawar damina da M. V. K. Sivakumar na ICRISAT a Nijar ya tsara a 1988, masana suna yawan aiki da shi. Ya ce damina ta kama in bayan 1 ga Mayu aka samu ruwa milimita 20 cikin kwana uku a jere, sa'an nan cikin kwana 30 da ke biye ba a yi fiye da kwana 7 ba ruwa ba. Ma'auni ne mai kyau, amma mai karatu ya lura, rabinsa na biyu sai bayan wata guda ake saninsa, manomi kuwa da safen nan yake son amsa. Ba na'urar da ta san gaibu. Abin da gonar lissafi ke iyawa shi ne ta duba baya ta ce, cikin shekara arba'in, wanda ya shuka a kan ruwan makon ƙarshe na Mayu sau kaza ya tsira, sau kaza ya sake shuka, wanda ya jira tsakiyar Yuni kuma ga yadda ya ƙare. Manomi ya haɗa wannan da hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, da abin da ya gani a gonarsa, da yawan irin da ke rumbunsa, ya yanke wa kansa shawara.

Ko an cika sharuɗɗan nan duka, akwai abin da lissafin bai cika gani ba. Mafi yawansa an gina shi a kan gona mai iri guda, mutanenmu kuwa gero da wake da dawa suke haɗawa a fili guda. Ƙuduji, da tsuntsu, da tsutsa, da awakin maƙwabci, in ba an sa su da gangan ba, babu su a ciki. Don haka amfanin da na'ura ke faɗi yakan zarce abin da ake ɗaurewa a gona. An fi dogara da ita wajen kwatanta wannan rana da waccan, ba wajen alkawarin dami nawa za a samu ba.

Shi kansa littafin yana da wata illa da ya kamata mai koyo ya sani. Uwar garke tana riƙe da umarnin ƙarshe da aka ba ta, ba jerin da ke rubuce a shafi ba. In ka gudanar da gida na biyar, ka koma na biyu ka sauya taki, ka tsallako na bakwai, amsar da za ta fito ba wanda zai iya sake samo ta, har kai kanka. A 2019 waɗansu masu bincike na Birazil da Amurka suka tattara irin waɗannan littattafai wajen miliyan 1.4 da mutane suka ajiye a GitHub, suka sake gudanar da fiye da 800,000. Kashi 24 cikin 100 ne kawai suka kai ƙarshe ba tuntuɓe, waɗanda suka ba da amsa irin ta farko kuwa kashi 4 ne. Maganin abin mai sauƙi ne: kafin ka nuna wa kowa sakamako, ka sa a share abin da na'ura ta riƙe, ka bi gidajen daga na farko zuwa na ƙarshe a jere.

AIKIN DA YA RAGE GA MASU ALƘALAMI

Duk wannan bayani ya komo da mu kan abu ɗaya ƙarami, ma'aunin ruwan sama da littafinsa. A zamanin En'e akan kafa ma'aunin nan a hedkwatar gunduma da gidajen gona da waɗansu makarantu, akawu ko malamin gona ya fito da safe ya auna ya rubuta. Mai yin aikin a lokacin bai san wata rana za a yi na'urar da za ta nemi rubutunsa kwana ɗaya-ɗaya ba. Inda irin waɗannan littattafai suka tsira daga gara da yoyon ɗaki, a ofisoshin ƙananan hukumomi ko na aikin gona, muna roƙon waɗanda ke riƙe da makullan su fito da su a kwafe. Mai kwafewa ya kula, tsofaffin da inci aka rubuta su, na'ura kuwa milimita take karɓa, inci ɗaya milimita 25.4 ne. Wanda ya manta ya juya, zai mai da shekarar albarka ta zama fari.

Malaman makaranta kuwa, ma'aunin ruwa ba shi da tsada, kuma darasin lissafi ne a tsakar makaranta. A kafa shi a fili, nesa da itace da indararo, a sa ɗalibai biyu su riƙa dubawa kowace safiya a sa'a guda, har ranakun hutu, da yake babban hutu yakan faɗo a tsakiyar marka. Ran da aka duba ba a ga ruwa ba, a rubuta 0. Ran da ba a samu dubawa ba, kada a rubuta 0, kada kuma a ƙaga lamba, a ja layi a rubuta dalili a gefe. Wurin kwafewa cikin DSSAT irin wannan rana -99 ake sa mata, alamar ba a auna ba, don mai lissafi ya san inda zai nemi ciko daga ma'aunin gari mafi kusa.